Na ɗage kemo a ɓoye saboda ina son haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya haƙuri da rayuwa. Admin a ɓoye sunana, 'yan garinmu na cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro ya hana ni sakat.

Ni 'yar Madadi ce, aure ya kai ni Kabo wata tara da suka wuce, ina koyarwa a Islamiyya. Bayan ƙaramar sallah wani kullutu ya fito min a wuya, aka yi ta yawo har aka tura mu Kano, aka yanki kaɗan aka auna, aka ce kansa ce, ciwon daji, amma irin wadda ake warkewa in an fara maganinta, wato kemo, da wuri. Ranar karɓar sakamako maigidana yana kudu wajen aiki, sai Baba, mahaifina, ya raka ni.

Likita ya ce maganin yana iya taɓa haihuwa, ya tambaye ni batun al'adata, ya ce in ina da tambaya in yi yanzu kafin a fara. Jama'a, Baba na zaune gefena da carbinsa! Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa. Na sunkuyar da kai na ce babu. Ya sake tambaya, na ce babu komai, alhali cikina cike yake da tambaya.

Da muka dawo na kai kukana wajen ƙawata mai aiki a kemis a Gwarzo. Ta ce ta gani a waya wai melatonin, ƙwayar nan ta barci, tana kare ƙwan mace daga kemo. Gaskiya ta faɗa min a kan ɓeraye aka fi gwadawa, ni dai ban ji wannan ba, na saya. Kuma ni da kaina na yanke sai na sha kwana arba'in tukuna ta ratsa jiki, kamar wankan jego. Ranar da aka sa min ta fara kemo ta zo, na ce wa Baba asibiti sun kira sun ɗage. Ƙarya na yi, Allah ya yafe min.

Yau kwana talatin da ɗaya. Gyangyaɗi nake a aji, kullutun ya ƙaru, shekaranjiya ina wanka na ji wani a hammata. Innalillahi, sai da na zauna a ƙasa. Maigida ya dawo ya ga kwalbar ƙwayar, na faɗa masa komai, ya yi faɗa, ya ce shi ni yake so da raina, ko da ɗa ko babu. Na ce ba zai gane ba, ya ce to in na mutu wa zai goyi ɗan.

Jiya Baba ya zo dubiya, ya ga wuyana, ransa ya ɓaci da asibiti. Ya ce ranar Litinin da kansa zai kai ni, ya ji dalilin da za a bar marar lafiya wata guda.

Masu ilimin lafiya, na makara ne? Ƙwayar nan tana da illa in an haɗa da kemo? Kwana taran da suka rage in ƙarasa ko in bari? Na san dole likita ya ji gaskiya, kuma har yau ban yi masa tambayata ba. Don Allah ku koya min, da wane baki zan ce wa Baba ya jira ni a waje?