Makullin Gidan Umma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya hidimar iyali? Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar Umma da ke ta matsa mata.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Zancen makulli ne. Ka san tun rasuwar Baba, Umma ita kaɗai take yini a gidan, ni kuwa sai na tashi daga makaranta nake biyawa in duba ta kafin in wuce gidana. Wata mai zuwa za a tura mu wani gari duba takardun jarrabawa, mako guda cur. Ina so in yanka makulli in ba matar nan mai ɗinki da ƙofarta ke kallon tamu, ta riƙa leƙa Umma safe da yamma.

Na san abin da za ka ce, cewa Baba ya hana makullinmu shiga hannun bare. Ban manta ba. Ina tsaye ya cire ƙararrawar ƙofa da ɗan sukudirebansa na gyaran agogo, ya ƙara kwaɗo na uku. Amma Baba kullum yana gida a bakin teburinsa, ko cokali ya faɗi sai ya ji. Yanzu babu kowa a teburin.

Ka kuwa san sunan da mutanen benen nan suka sa wa gidanmu? Tsibiri! A matakala na ji wata tana yi wa mai kawo gas kwatance, wai ya hau sama, ƙofar da ke kallon Tsibiri. Ni da nake koya wa yara cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye, ashe a cikinsa na girma. Su abin da suke nufi mutanen da suka ja ƙofa suka rufe, ba sa zuwar wa kowa, ba a zuwar musu. Na ji haushi wallahi, amma na rasa ta inda zan ƙaryata su.

Don Allah ka amince, kai Umma take jin maganarka. A shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, amma ba ta hannuna ba. Madalla da kai! Maimakon ka ba ni amsa, sai ka kira Umma ka ce mata ina shirin tona asirin gida. Na tarar da ita tana kuka, ta sa ni na yi rantsuwa ba zan yanka makullin ba. Ka ci nasara, sai ka kwanta da daɗin rai.

Wane asiri ne a gidan nan, Yaya? Tsofaffin kujeru ne ko agogunan Baba da suka tsaya? Ka ce ba ka san halin mai ɗinki ba. Ta yaya za ka sani? Sau ɗaya ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa, lokacin jinyar Baba, da ta ji ƙarar faɗuwar abu. Kai ka buɗe iya tsawon sarƙar da ke riƙe ƙofar, ka ce mata ta je ta ji da kekenta, nan ba a neman 'yan sa ido. Ina bayanka, na ga yadda baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta juya. Har yau in mun haɗu a matakala ita take fara gaishe ni.

Ka yi alkawarin kiran Umma safe da yamma har in dawo. To, na ji. Na cika mata firij, na jera mata magunguna a kan tebur. Jibi zan tafi, amma Allah ya sani hankalina bai kwanta ba.

A gaida Anti.

Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, tunda ku dai lafiyar ba ta yi muku ƙaranci ba. Daga asibiti nake rubutu, Umma ta samu barci. Ƙugu ne ya karye. Likita ya ce da an kawo ta da wuri da sauƙi, yanzu kam ko za ta sake takawa sai abin da Allah ya yi.

Tunda abin da ka fara tambayata a waya shi ne su wa suka shiga gidan, bari in faɗa maka. Da safe santsi ya ɗauke ta a banɗaki. Wayarta tana kan gado, tana jin kiranka yana shigowa yana katsewa, kai kuma ka ɗauka barci take yi. Ta jawo bokiti ta yi ta buga bango. Mai ɗinki ta ji. Ta fito, ta zo har bakin ƙofarmu, ta ɗaga hannu, sai ta tuna maganarka, ta koma. Da bakinta ta faɗa min, tana kuka tana neman gafarata. Ita ce ke neman gafara, Yaya, ka ji fa!

Sai washegari, da ta ji bugun ya yi rauni, ta ce ko za a zage ta sai ta shiga. Ta kira mai gadi da kafinta. Kwaɗunan Baba sun yi aikinsu, kafinta ya jiƙe sharkaf da gumi kafin ƙofar ta buɗu. Waɗannan su ne baren da suka shiga gidanka. Mai ɗinki ce ta rufe wa mahaifiyarka jiki da zanenta kafin maza su ɗauke ta.

Da Umma ta farfaɗo na tambaye ta me ya hana ta yin ihu, alhali tagar banɗakin tana kallon matakala, tana jin takun mutane. Ta ce ta buɗe baki za ta kira, sai ta rasa wa za ta kira. Tun tana amarya take benen nan, ba ta san sunan mutum ɗaya ba. Sai ta kira ka, ta kira ni, har Baba ta kira. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, kuma ban huce ba, kada ka yi tsammani.

Ka ce a mayar da ƙofa yadda take. An gyara ta, kwaɗo ɗaya na sa. Umma da kanta ta warware rantsuwar, makulli yana hannun mai ɗinki. Na tambayi sunanta, na faɗa wa Umma, tun jiya take maimaita shi a hankali kamar mai hadda, wai kada ya kuɓuce mata.

Ba zan rubuto maka sunan ba. In kana so ka sani, ka zo ka ƙwanƙwasa ƙofarta ka tambaya. Ita tana buɗewa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta