Ƙorafi Kan Waliyyin Da Ya Ɓuya Bayan Takunkumi

Zuwa ga:
Alhaji Zulkiflu Ɗanbaba,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Arewa Mazauna Doha.

Daga:
Haulatu Umar Faruq, ma'aikaciyar jinya, Mu'aither,
a madadin Ikilima, matar Tanko mai gadi.

5 ga Disamba, 2022.

Game da: Auren da aka ɗaura, aka ci, aka sha, sannan aka ce ba a san da shi ba

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan baƙin kallon ƙwallo ba su gajiyar da kai ba, ina gabatar da koken baiwar Allah Ikilima. Ita kunya ta hana ta rubutawa. Ni kuwa shekaru sun rage mini ita.

1. A ranar Juma'a, 29 ga Mayu, 2020, ana tsakiyar kullen korona, aka ɗaura auren Ikilima da Tanko a wani ɗaki a unguwar Najma. Mahaifinta ya wakilta wani dattijo ta waya daga Funtuwa ya zama waliyyi. Aka ba da sadaki, aka shafa fatiha ƙasa-ƙasa, domin an hana taro. Ba a rubuta komai ba, don a garinsu goro da shaidu su ne takarda.

2. A nan kuwa goro ba ya shiga ofis. Ga hukuma Tanko gwauro ne, Ikilima budurwa, zamansu ɗaki ɗaya laifi. Da aka matso gasar Kofin Duniya mai gidan da suke haya ya nemi takardar aure, ba su da ita, ya ce halas, wato shi ke nan, su kwashe kayansu. Tanko ya koma masaukin kamfani cikin gwauraye. Ikilima tana kwana a falona da cikin wata takwas. Kamfaninsa ya ce bai san yana da iyali ba, don haka ba kuɗin asibiti, kuma in ta Allah ta kasance a kansa yau, ko riyal ɗaya na haƙƙin aikinsa ba zai zo hannunta ba.

3. Kotun Musulunci a gida ta yarda za ta ba da takardar, in waliyyi da shaidu biyu suka sa hannu. Malam Abass, shaida na farko, ya sa nasa tun daga Gusau. Uwais direba, shaida na biyu, ya ce yana jiran ya ga abin da manya za su yi.

4. Nan ne gizo ke saƙa. Waliyyin ya ce bai tuna ya halarci wani taro a lokacin da doka ta hana taro ba. Aka nuna masa hoto, ya ce kowa na sanye da takunkumi, ba a shaida mutum da ido kawai. Cikin ladabi nake sanar da shugaba cewa mutumin hoton yana sanye da hular shugaba, da zoben azurfar shugaba, kuma da ya sauke takunkumin don ya ci dambun naman da na yi, sai ga wushiryar shugaba. Sau biyu na ƙara masa. Wanda ya ci ladan kuturu, Ranka ya daɗe, ai dole ya yi masa aski.

5. A ranar 21 ga Nuwamba Tanko ya tashi daga gadi a West Bay ya zo ofishinka. Aka ce masa ya dawo bayan gasar kofi. Na duba littattafan aikina kaf, ban ga inda aka ce naƙuda tana jiran wasan ƙarshe ba.

Na san tsoron tarar karya dokar kulle ne ya kawo wannan mantuwar. Amma a asibiti za a nemi takardar aure kafin a rubuta sunan jariri, kuma macen da ta haihu ba ta da ita tana iya ƙarewa a hannun 'yan sanda, a kore ta gida da sunan da ba nata ba. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Tana ninke kayan jariri tana kuka, wallahi zuciyata ba ta ɗauka.

Saboda haka ina roƙon shugaba, da girman kujerarsa, ya nemo wannan waliyyi, wanda na tabbata ba zai yi masa wuyar samu ba, ya sa shi ya sa hannu cikin makon nan, Uwais ya bi baya.

In hakan bai samu ba, ba za mu yi rigima ba. Sai dai ina tunatar da shugaba cewa ranar da hukuma ta tambayi Ikilima wa ya aurar da ita, a ina, kuma a wane wata, yarinya ce mai tarbiyya. Ba ta iya ƙarya ba.

Allah ya ja zamanin shugaba, ya ƙara masa ƙarfin tunawa.

Taka mai biyayya,
Haulatu Umar Faruq