Ranar da Aka Busa Jiniya Inna Tana Ɗaki

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan da ka ce tana damunka in ka daɗe a tsaye? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Maigidana yana ta fama da shagonsa, babbar 'yata ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, ba ta da aiki sai ci da barci. Kawu ya warke daga tarin nan, ya koma surutunsa har muna cewa ina ma tarin ya ɗan dawo. Ni ce dai a gajiye, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami maimakon waya, don na san in na ji muryarka kuka zai hana ni ƙarasawa. Ka daɗe kana roƙon ta koma wurinka tana ƙi, ni kuma ina goya mata baya, ina ce maka tsohuwa ba ta jin daɗin ko'ina kamar ɗakinta. Ka san tun ciwon nan ba ta iya takawa sai an riƙe ta, ga mantuwa ta fara kama ta. Ka kuma san gidanmu na gado, inda take zaune, a gangaren layi yake, gab da babbar magudanar ruwa, bara ma sai da ruwa ya leƙo bakin ƙofa ya koma. Yanzu ga damina ta kusa, kuma wani abu ya faru da ya sa dole mu sake shawara. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, zancen ya ɗan biyo doguwar hanya.

Ka tuna murnar da ka yi da na gaya maka an saka ni cikin kwamitin shirin ko-ta-kwana na hukumar gari? Har ka riƙa tsokanata kana ce mini ranki ya daɗe. To, ranki ya daɗen nan ado ne kawai. An yi ta surutu ne cewa duk masu muƙaman hukuma maza ne masu lafiya, abokan juna, shi ne aka ce a nemo mace ɗaya da mai naƙasa ɗaya. Ni ce macen, tsohuwar malamar makaranta. Mai naƙasar kuma Tela ne, wanda yake tafiya da sanduna, mai shago kusa da tasha. A bene hawa na uku ake zama, Tela sai ya hau yana haki rigarsa ta jiƙe sharkaf, sannan a zaunar da mu can ƙarshen tebur kusa da butar shayi. In na yi magana shugaban kwamiti ya gyaɗa kai ya ce an ji, za a duba. In Tela ya yi magana a yaba masa ƙoƙarinsa na hawo bene. Amma da mai hoto ya shigo, wallahi sai ka ga an jawo mu tsakiya, ni a dama shi a hagu, kamar 'ya'yan shugaban.

Ni kuwa tun ranar farko zancena ɗaya ne, magudanar nan. Hukuma ta raba mana kwandunan shara masu launi uku, aka ce mu riƙa ware robobi daban, gwangwani daban, ragowar abinci daban, wai za a sake sarrafa su. Matan layinmu suka ɗauki abin da gaske, har wanke kwalabe suke yi kafin su zuba. Ranar kwashewa sai mota ɗaya ta zo, ma'aikatan su ɗaga kwandunan uku su juye su wuri guda a gaban idonmu. Daga baya motar ma ta daina zuwa a kai a kai, robobin da muka tara da hannunmu iska da yara suka watsa su, duk suka gangara suka toshe bakin kwalbati. Na faɗa a kwamiti, aka ce in je ofishin muhalli. Muhalli suka ce magudana ta ofishin ayyuka ce. Ayyuka suka ce magudanar tasu ce amma sharar da ke ciki ta muhalli ce, su ba sa taɓa kayan wani. Na hau benaye na sauka har takalmina ya cinye, ba wanda ya ce mini a'a, ba kuma wanda ya ɗauki shebur.

Maimakon a yashe magudana sai aka ce za a yi atisaye, a gwada yadda za a kwashe mutanen unguwa zuwa makarantar kan tudu in ambaliya ta zo. Za a busa jiniya, kowa ya fito, a duba agogo a ga tsawon lokacin da aka ɗauka, manya daga sama za su zo kallo. Na ce madalla, ko ba komai za a ga wahalar fitar da irin su Inna. Ashe ba haka suke yin atisayensu ba. Ana gobe za a yi, ma'aikata suka bi gida gida suna cewa tsofaffi da marasa lafiya da masu jego su yi zamansu a ɗaki, wai don kada su wahala. Na miƙe a zaman ƙarshe na ce to wa za mu gwada ke nan, masu ƙafa ai ko ba jiniya za su gudu. Shugaba ya yi murmushi ya ce in yi haƙuri, wannan karon farko ne, ba a so lokaci ya ja a ji kunya gaban baƙi. 'Yan amshin shata suka ce haka ne. Tela ya ɗaga hannu, aka ce masa kada ya damu, shi za a kai shi makarantar a mota tun kafin a busa.

Na zauna da Inna na yi mata bayani, na maimaita, cewa in ta ji ƙara gobe wasa ne, kada ta tashi. Ta ce ta ji, har tana yi mini faɗa wai na mai da ita yarinya. Na so in zauna da ita, aka aiko mini cewa lallai a gan ni a makaranta kusa da shugaba, don ba zai yi kyau baƙi su ga kwamiti babu mace ba. Sai na roƙi maƙwabciyarmu mai kitso ta zauna da ita, na tafi. Jiniya ta yi kuka, matasa suka taho a guje suna dariya, wasu da lemo a hannu, ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli suna busa usur. Aka duba agogo, aka yi tafi, aka ce ba a taɓa ganin unguwa mai shiri irin tamu ba. Ina tsaye ana ɗaukar hoto sai na hango mai kitso a cikin taro. Na je na tambaye ta ina Inna. Ta ce ta leƙo ƙofa ne kawai ta ga abin da ake yi, wani ma'aikaci ya kora ta cikin ayari, ya ce ana son mutane su yi yawa, bai ko saurare ta ba.

Yaya, ban san na iya gudu haka ba. Na tarar da Inna a ƙasa, tsakanin ɗakinta da ƙofar fita. Ta manta da duk abin da na gaya mata. Ta ji jiniya, ta ji ƙafafun mutane suna wucewa, ta ɗauka ruwan ne ya zo. Ta sulalo daga gado ta riƙa jan jiki, gwiwoyinta duk sun kuje, ta rataya jakar magungunanta a wuya, takalmi ɗaya a hannu. Ba kuka take yi ba, ni ce na yi. Ta ce ta yi ta kira har muryarta ta dushe, ta kira ni, ta kira ka, ba wanda ya leƙo. Sannan ta tambaye ni ina ruwan ya kai. Da na ce mata babu ruwa, gwaji ne, sai ta ajiye takalmin da ke hannunta. Can ta tambaya ko an ci gwajin. Na ce an ci, har da tafi. Ta ce to madalla, ita ma an gwada ta, ta kuma ga inda ƙarfinta ya tsaya.

Alhamdulillahi babu karaya, likita ya duba ta, sai dai ƙugunta ya yi tsami. A zaman da ya biyo baya aka karanta rahoto cewa an kwashe unguwa kakaf ba a bar kowa ba. Na ba su labarin Inna tun daga farko. Shugaba ya jajanta mini sosai, ya ce a gaishe ta, sannan ya ce waɗanda suka zauna a gida ba sa cikin lissafi tunda ba su shiga atisaye ba. Na tambaya wa zai amsa in ruwan gaske ya zo ya same su, aka ce wannan tambaya ce mai kyau, za a kafa ƙaramin kwamiti. Tela ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi ya gaji da zama hoto, ya fita, muna jin saukarsa a hankali har ƙasa. Ni ban fita ba. Ba don ina sa ran komai ba, sai don akwai tsofaffi a layinmu da ba su da ɗa a wani gari, in na tashi ko sunansu ba mai ambata. Amma raina ya mutu da abin, kuma magudana tana nan a toshe kamar yadda take.

To ga abin da ya sa na rubuto. Inna da bakinta ta ce in gaya maka ta yarda za ta zo. Ban roƙe ta ba, ban ko kawo zancen ba. Gidana ma a gangaren yake, ba don haka ba da na ɗauke ta. Ka shirya mata ɗaki a ƙasa wanda babu matakala, kusa da bayi, ka zo da kanka kafin ruwa ya sauka. Ka yi gaskiya tun farko, Yaya, sai dai kada ka faɗa mini hakan in ka zo, ba zan iya ɗauka ba. Na saba kowace safiya in shiga in tarar da ita tana mita a kan shayina ya yi sanyi, ban san yadda zan yi da safiyata ba in ta tafi.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu da kyau, ka ce mata na san nauyin da zan ɗora mata, Allah Ya saka mata da alheri. Ka gaishe da 'yan biyu, da Likitan Gobe, da ƙaramar nan mai sunan Inna da ban taɓa gani ba sai a hoto. Maigidana da Kawu da Goggo da yara duk suna gaishe ku.

Inna ta ce kafin ka sayi tikiti ka amsa mata tambaya ɗaya, kuma ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. Wai can inda kake, in an busa jiniya, ana shigowa ɗaki a ɗauki wanda ba ya iya tafiya? Ta ce in ba a shigowa ka bar ta a nan, ko ba komai ta riga ta san hanyar ƙofa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Malama