Inci Ɗaya a Gilashin Ƙofar Inna

Ƙofar Kibo, Zariya
Litinin

'Yata Rukayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Nafi'u da yara. Na ba direba takarda ne don in na kira waya Innarki na jin komai. Shanyewar jiki ta kama mata hannu da ƙafa, kunne kuwa ƙaruwa ya yi.

Ubanki ya yi aika-aika. Ran Juma'a ina tura kekenta, na ga kamar na ƙware, na sha kwana irin ta 'yan acaɓa, matakin keken ya daki ƙofar nan da kika sa mata, mai gilashi ninki biyu. Na ciki ya zube, na waje ya tsage. Ba wanda ya yanke. Bahago kafinta ya kwashe sauran, ya toshe wurin da falanki, saboda hayaƙin murhu da likita ya hana ta shaƙa.

To, kin san nan take wuni, tana kallon tsakar gida, tana mulkinmu da ido. Tun da aka toshe ta juya fuska bango. Koko cokali uku take sha. Jiya na kwaikwayi tafiyar maƙwabcinmu Jumare, abin da bai taɓa kasa sa ta dariya ba, ko kallo ban samu ba. Kwana uku ba ta ce uffan ba. Ina jin tsoro, Rukayya. Masu gilashin Zariya sun ce sai dai falle ɗaya.

Mahaifinki mai laifi,
Sharfaddini Tela

Kaduna
Talata

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da jinya, Allah ya ba da lada. Kada ka zargi kanka. Na je wurin waɗanda suka yi na farko. Sun ce ba a ajiye irinsa, sai an kai awo su haɗa, kwana goma. Don Allah Bahago ya auna faɗi da tsawo, a aiko gobe. A riƙa ba ta kunun gyaɗa ko kaɗan ne, a kuma daina barin ta ita kaɗai.

'Yarka,
Rukayya

Ƙofar Kibo
Laraba

Rukayya,

Salamu alaikum. Bahago ya auna? Ni da na shekara arba'in da tef a wuya! Aji huɗu na yi a firamare, amma lamba ba ta taɓa kayar da ni ba. Faɗi inci ashirin da uku, tsawo talatin da bakwai. Ta sha kunun, rabin kofi. Na ce mata gilashi na hanya, ta motsa yatsa.

Babanki

Ƙofar Kibo
Lahadi

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan kwana goman da suka ce, gilashi ya iso jiya lafiya, a naɗe da bargo kamar jariri. Allah ya yi miki albarka. Zauna kafin ki karanta sauran.

Bai shiga ba. Bahago ya juya shi ta kowace fuska, ya sa nasa tef ɗin, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ramin ashirin da biyu ne da talatin da shida. Ina ka samo ƙarin?" Rukayya, na kalmasa ne. Tun ina yaron shago ban taɓa rubuta awo ban ƙara inci ɗaya na ɗinki ba. Hannuna ne ya ƙara, bai yi shawara da ni ba.

Na ce a rage shi mana. Bahago ya ce, "Yadi ne? Wannan an liƙe bakinsa da iska a tsakani. Ka taɓa shi da abin yanka, sai dai tsintsiya."

Abin da ya fi ci mini rai, da muka cire falankin haske ya shiga, Innarki ta juyo da kanta, karo na farko. Tana kallo muka gwada, tana kallo muka mayar da falankin. Ta koma bango. Yau ko kunun ta ƙi. Ba ta da wani kwana goman da za ta ba mu.

Don haka na ce, tunda gilashi ya ƙi raguwa, a buɗa masa ƙofar, yadda nake wa rigar mai tumbi. Bahago zai fafe katakon, rabin inci kowane gefe. Ya ce ƙofar ba ta da kauri sosai, tana iya darewa, mu rasa duka biyun. Na ce na ɗauka a wuyana. Gobe bayan sallar walaha zai fara. An hana ni taɓa komai, har guduma. Ki sa yara su yi addu'a.

Mahaifinki,
Sharfaddini

Ƙofar Kibo
Litinin da la'asar

Rukayya,

Salam. Ya shiga. Katakon ya ɗan yi ƙara sau ɗaya, ni ma na yi. Mun tura ta bakin ƙofa, a hankali wannan karon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wane ne ya shanya wanki a kan zogalena?"

Ni ne. Ta sa an kwashe, ta ce a dama mata fura.

Babanki