Shuɗin Duron Kamfani

Challawa, 4 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulbaƙi da yara. Yaya zafin Ringim?

Kin tambayi ciwon bayan nan nawa. Yana nan, kullum shi ke riga ni tashi. Wannan ban yi mamaki ba: wanda ya shekara talatin yana ɗaga ɗanyar fata a kamfanin jima ai ba zai tsufa da bayan saurayi ba. Ƙafafun ne suka ishe ni. In ina tafiya kamar na taka auduga, in na zauna kuma kamar tururuwa na biki a tafina. Shekaranjiya na dawo daga masallaci da takalmi ɗaya, ban sani ba sai da innarki Asabe ta yi dariya.

Wanzami ya yi mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jini ya ce ciwon ke nan. Jinin ya tafi, ciwon ya zauna. Na sha jiƙon da ko akuya ba za ta sunsuna ba. A asibiti an auna suga, babu. An ɗauki hoton baya, likita ta ce ƙashin ya gaji, amma ba shi ya kashe ƙafafun ba. Za a ƙara ɗibar jini. Kowa dai jinina yake so.

Ki gai da kowa.

Mahaifinki,
Uwaisu

Challawa, 19 ga Rajab

'Yata Fiddausi,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na kira wayar mijinki ba ta shiga, shi ya sa na ba direban Ringim wannan. Ki karanta a tsaye.

An ga guba a jinina. Likita ta tambayi ruwan da nake sha, na ce na burtsatse, har da ɗaga kai. Sai ta tambayi abin da nake tara shi a ciki.

Kin san shuɗin duron nan na bakin ɗakina. Irinsa ake kawo maganin jima a ciki, in ya ƙare mu ma'aikata mu yi ta rububi. Da hannuna na wanke shi da sabulu da toka, na kankare takardar jikinsa mai hoton ƙoƙon kan mutum, wai don kada ta tsorata baƙi. Shekara tara ina sha. Jiƙon ma da ruwansa na jiƙa. Innarki da ta nace wa randarta, ina ce mata 'yar ƙauye, ga ta nan garau. Yanzu ko ruwa na gani a kofi sai in ture shi gefe, kuma ba ruwan nake ƙyama ba, kaina.

Likita ba ta rantse cewa duron ne ba, ta ce sai an auna. Ni ba zan jira ba, domin ɗan'uwansa yana tsakar gidanki. Ni na ɗora shi a mota ranar tarewarki, ina taƙama.

Ki zubar da ruwan yau. Ku kai yaran asibiti. Duron kuma kada ki bayar, kada ki yar da shi lafiyayye, don kafin la'asar wata maƙwabciya ta ɗauke tana godiya. Abdulbaƙi ya sa gatari ya fasa gindinsa.

Ki yafe mini. Ki matsa yatsun ƙafar 'yar autarki ɗaya bayan ɗaya, sannan ki kira ni ki faɗa mini ko tana ji.

Mahaifinki,
Uwaisu