Labarin Raylene da Nake Bayarwa a Coci

Anti Lorna, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan kai wa kukana a garin nan, domin kowa yana wurin ranar da abin ya faru.

Ni da mijina Wendell Allah bai ba mu haihuwa ba. Muka ɗauki Raylene riƙo tana da shekara shida, alƙali ya sa hannu ta zama tamu. Yanzu ta kai sha takwas. Kin san a watan Nuwamba akan ware Lahadi guda don kiran jama'a su ɗauki yaran da ba su da gida. A cocinmu ni ake tayarwa. Duk shekara nakan faɗi yadda 'yan sanda suka tsince ta a kujerar bayan mota, uwarta ta sha ƙwaya ta bingire a kan sitiyari, da yadda ta zo mana kai duk ƙwarƙwata, tana ɓoye burodi ƙarƙashin matashi. A haska hotunanta a bango, na da da na yanzu, mata su sha kuka, sannan a sauka zauren ƙasa na cocin shan kofi. Ba yabon kai ba, amma gidaje da dama sun ɗauki yara saboda labarin nan. Ita kuwa tana bencin gaba tana murmushi. To ta ina zan sani?

Bana ina tsakar maganar motar, Fasto Gunderson ya ce ta miƙe a tafa mata. Ta miƙe. Ta ce matar da nake ba da labarinta ta rasu tun Agusta, Dustin, yayan Raylene da suke uwa ɗaya, shi ne ya sanar da ita, kuma ta ɓoye mana ne don kada mu ƙara mutuwar a cikin jawabin bana. Ta fice cikin dusar ƙanƙara ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba.

Tun ranar tana wurin Dustin a garin Duluth, ba ta ɗaga waya. Saƙo ɗaya ta turo wa Wendell, wai a aika mata takalmanta. Shi kuwa Wendell ya tare a gareji. Ranar Bikin Godiya na gasa talotalo, muka zauna mu biyu muna kallonsa. Wani lokaci haushi ya turnuƙe ni, wa ya tsefe kan nan, wa ya yi jinyarta? Sai kuma kunya ta rufe ni. Ga fasto yana so in kai labarin wani coci, wai yara suna jira. Jikina yana ba ni na rasa ta. Anya akwai sauran gyara?

Uwar riƙo, Minnesota

'Yar'uwa, ba wanda zai ƙwace miki wahalar da kika sha a kan yarinyar nan, kuma yaran da suka samu gida ta dalilinki alheri ne na gaske. Amma da fatar wani aka yi gangar. Abin da ya fi komai muni a rayuwarta kika riƙa shanyawa gaban malamanta da iyayen ƙawayenta, tana zaune. Yaron da aka taɓa raba shi da gida yakan yi murmushi don tsoron kada a sake. Matar kuwa, duk lalacewarta, uwarta ce.

Ki ce wa fasto a'a, ki kuma sa a cire hotunan daga shafin cocin na intanet, in an sa su can. In za ki sake kiran jama'a, ki faɗi naki ɓangaren, nata ba naki ba ne. Ki aika takalman da rigar sanyin, ba tare da lissafin ɗawainiya ko roƙon ta dawo ba. Ke da Wendell ku nemi ƙungiyar iyayen riƙo, musamman inda waɗanda aka riƙa suke magana da bakinsu.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa ba za ta dawo ba, ko ta dawo ba yadda kika san ta ba. Amma yarinyar nan ta yi maraici ita kaɗai a cikin gidanki. Ki yi mata ta'aziyya, ki kira mamaciyar da sunanta, ki tambayi inda aka binne ta. Kada ki jira amsa. Allah ya sanyaya zukatanku, ke da ita.

Anti Lorna