Kada A Jera Duwatsun Nan Kan Yashi

Baban Najaha,

Na tafi Dungu da yarinya, Inna ba ta jin daɗi. Na ga gajiyar hanya ba ta sake ka ba, shi ya sa ban tashe ka ba. Kokonka na nan a rufe.

Jiya kafin ka iso, Malam Isufu magini ya watsa yashi a gindin dogonyaro, inda muke son a daɓe, ya jera duwatsu kaɗan mu gani. Wai haka ake yi yanzu, ba sai an daɓe ba. Ɗazu Najaha ta rarrafa ta dafa ɗaya, ya yi rawa. Ina ɗagawa sai ga kunama.

Don Allah in ya zo, tsayar da shi. Ka san wurin tsohon rami ne da muka cike da shara, da ruwan farko zai lotsa. A kwashe yashin, a zuba burji, a jiƙa. Jibi in na dawo zan gayyato maƙwabta mu daɓe da kanmu.

Na san kana jin nauyinsa, abokin Baba ne. Ce masa ni na hana. Kafin a daɓe wurin nan, a bayana Najaha za ta riƙa wuni.

Jamilatu